Allah Ba Ya Duban Ƙarfin Ƙafa

Karatu: Zabura 147:1-11

Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san babban filin wasa na Baba Yara. Amma ka san labarin mai sunan?

An haife shi a Kumasi a 1936. Ya buga wa Asante Kotoko ƙwallo, daga baya ya koma Real Republikans a Ankara, ya kuma yi wa Black Stars wasa. In ya ɗauki ƙwallo ta gefen fili sai dai a bi ƙurarsa, har ana ce masa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma.

A watan Maris 1963 suna dawowa daga wasa, motarsu ta yi hatsari a Kpeve. Ya ji rauni a ƙashin baya. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, amma bai sāke takawa ba. Shekarunsa 26. A Disamba na shekarar nan Gana ta ci Kofin Afirka a karo na fari, ba tare da shi ba. Ya rasu a 1969.

Haka duniya take. Wasa ba ya tsayawa domin ɗan wasa ya faɗi, sai a sa wani a gurbinsa. Amma aya ta 10 da ta 11 sun nuna mana cewa abin da ke faranta wa Ubangiji rai ba ƙarfin doki ba ne, ba kuma ƙarfin ƙafafun jarumi ba. Masu tsoronsa, masu jingina ga ƙaunarsa, su yake murna da su.

Watakila kana kwance yau, ɗan'uwa. Dā kai ke ciyar da gida, yanzu sai an tashe ka. Masu gaisuwa sun ragu, zuciyarka tana cewa amfaninka ya ƙare. Kada ka yarda. Yesu Almasihu bai mutu dominka saboda ƙarfinka ba, ba zai kuma yashe ka ba don ƙarfin ya tafi.

Kai kuma mai lafiya, akwai wanda ke kwance a unguwarku. Kirista ne ko Musulmi, ka taka da ƙafafun nan ka gaishe shi yau.

Addu'a: Ya Uba, ka koya mani in dogara ga ƙaunarka, ko ina gudu ko ina kwance. Cikin sunan Yesu. Amin.