Sadakar da Ban Yi Niyya Ba

Akwai hadisin da ya daɗe yana yi mini nauyi a zuciya. Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Anas ɗan Malik, ma'anarsa kuwa duk abin da Musulmi ya dasa ko ya shuka, in mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. A ruwayar Jabir da ke cikin Muslim har abin da aka sata an ambata. Nan ne nake tsayawa. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa aiki sai da niyya. To ta yaya gwandar da na yi wata da watanni ina jira, aka tsinke ta cikin dare, na wayi gari ina huci, za ta zama kyauta daga hannuna? Ban miƙa ba, ban kuma yarda ba.

Mai cewa ai ganye ne kawai bai taɓa raya shuka a nan unguwarmu Dusuman ba. Da damina abin da sauƙi, yakuwa da kuɓewa da rama kusan su suke renon kansu. Wuyar tana rani. A watan Afrilu zafin Maiduguri kan haura digiri 40, ƙasar gidana kuma rairayi ce mai shanye ruwa nan take. Tumatir da attaruhu a cikin tsofaffin buhuna nake dasa su, na cakuɗa ƙasa da takin awaki, na jera su inda inuwar darbejiya ke sauka da azahar. Ruwan jarka saye nake yi wurin mai kura, saboda haka na alwala da na wankin shinkafa ba ya zuba a banza, gindin na'ana'a da lemun tsami yake tafiya. In ƙwari suka taso, toka ce da jiƙon ganyen darbejiya. Kowane ɗan tumatir na san abin da ya ci.

Shari'a ba ta ce in bar lambu a buɗe ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan mai ita, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Suratul Anbiya ma ta kawo shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi kan tumakin da suka faɗa wa shuka da dare. Ke nan in akuyar maƙwabci ta tsallako bayan isha ta cinye mini zogale, ina da bakin kai ƙara gaban Bulama. Ɓarawo kuma ladana ba ya wanke masa laifinsa.

Abin da na fahimta, Allah ne mafi sani, shi ne an ɗauki niyyar tun ranar dashe. Babu mai binne iri yana zaton shi kaɗai ke da baki a unguwa. Ya san da jemage, ya san da fara, ya san da 'ya'yan mutane, amma ya tona rami ya zuba ruwa. Fushin da zai yi daga baya na ɗan Adam ne, ba ya komawa ya tone abin da ya riga ya binne. Wani abu kuma: a mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan ganye da kayan marmari irin waɗannan, ko da yake Abu Hanifa yana ganin akwai. Ba mai zuwa da mudu ya auna mini kuɓewa. Sai nake ganin rabon wasu da ke cikin ɗan lambun nan ta wata ƙofa yake fita, ko na so ko ban so ba. Masu gonar da Suratul Ƙalam ta ba da labarinsu sammako suka shirya don kada miskini ya riske su, kuma mun san yadda suka tarar da ita.

Sannan dole mutum ya dubi waɗanda yake zaune da su. Muna bakin hanyar Dikwa ne, kuma da yawa daga maƙwabtanmu rikici ne ya koro su daga Mafa, Marte, Dikwa da Gamborun Ngala. Manoma ne na gaske, masu fitar da zakka buhu-buhu a da. Tun kisan da aka yi wa masu yankan shinkafa na Zabarmari a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020, duk mai yin nisa da gari da fargaba yake tafiya. Wata yammaci na tarar da yarinya ta zuro hannu ta ɓular zana tana tsinkar yakuwa, tana tarawa a gefen mayafinta. Da ta gan ni sai ta daskare, ganyen na hannunta.

"Baba, ka yi haƙuri, miya ce ba mu da ita."

"'Yata, gobe ki biyo ta ƙofa, ki yi sallama."

Ba don in nuna kirki na faɗa ba. Na fi son ta saba da sallama da ta saba da ɓula, kuma na fi son in bayar ina sane, domin ladan da aka samu da yardar zuciya ba zai zama ɗaya da wanda aka samu ana cizon yatsa ba. Tun daga lokacin na ƙara wa shingen ƙaya saboda awaki, na kuma dasa zogale a wajen katanga, ta bakin hanya, inda mai bukata zai tsinka ba sai ya sunkuyar da kai ba.

Akwai asarar da ban iya sa ta a wannan babi ba. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri da Jere, abin da ya ruɓe a ƙarƙashinsa babu cikin da ya shiga. Wannan jarrabawa ce, haƙuri ake nema a kanta. Haka ma ɓarnar samarin da kan kakkaɓe gwaba ɗanya su yi jifa da ita ba ta shiga wannan babi ba. Su kam har gida nake bin su, in gaishe da iyayensu, in faɗa musu abin da 'ya'yansu suka yi.