Gashin da Ke Zuba da Asuba

Mace ta tashi sallar asuba, ta zo shafar kai a alwala, sai ta ga tafin hannunta cike da gashi. Haka abin yake fara wa mata da yawa masu sankarar mama, galibi mako 2 zuwa 3 bayan ƙarin ruwan maganin sankara (kemo) na farko. Wata tun kafin nan fatar kanta ke zafi, ko matashi ba ta so ya taɓa. Gira da gashin ido ma sukan bi baya.

Magunguna irin su doxorubicin, jan nan da ake sawa ta jijiya, suna farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Na sankara haka suke, na saiwar gashi ma haka, maganin kuwa ba ya tantancewa.

Masu zuwa dubiya kan ce, "Haba Yaya, ai gashi ne kawai, zai fito." Gaskiya ne, yakan tsiro 'yan watanni bayan an gama magani, wani lokaci da laushi ko launi dabam. Amma ana saurin faɗar maganar. Wannan mata tun tana yarinya take zama gaban mai kitso, yau shuku, gobe kalaba. Wataƙila an riga an cire mata mama. Ɗankwali da hijabi sun rufa mata asiri a waje, amma a ɗaki akwai madubi, akwai maigida, akwai auta mai tambayar ina gashin Umma ya tafi.

Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, ya yi kukan rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba a kuma taɓa ce masa mai raunin tawakkali ba. Ita ma wannan mata a bar ta ta yi kukanta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dangi su ga kan ya koma ƙwal, su ce maganin asibiti ke cinye ta, su janye ta ana tsaka da jinya.

Ke kuma 'yar'uwa, ruwan da ya taɓa fatar kanki ya wadatar. Alwalarki ta cika, ki tsaya gaban Mahaliccinki yadda kike.

Ya Allah, Ka ba su lafiya da juriyar kammala magani. Ka sanyaya zukatan mazajensu a kansu, Ka hore kuɗin zagaye na gaba, mu kuma Ka tsare harsunanmu idan mun je dubiya. Amin.