Bangaskiya da Aiki: Wanne ne Gaba?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ɗaure wa mabiya addinin Kirista kai: shin mutum yana samun ceto ne saboda bangaskiyarsa, ko kuwa saboda ayyukan kirki da ya yi? Tambayar ta wuce gardamar malamai, domin amsar da mutum ya riƙe ita ce za ta nuna yadda zai zauna da maƙwabcinsa.

Idan muka buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, za mu ga kamar manzanni biyu suna ja-in-ja. Bulus, a wasiƙunsa zuwa ga Romawa da Galatiyawa, ya dage cewa alherin Allah ne ke kuɓutar da mutum ta hanyar bangaskiya. Yakubu kuwa, a babi na 2 na wasiƙarsa, ya kawo misalin wanda ya ga ɗan'uwansa da yunwa da tsiraici, ya sallame shi da daɗin baki kawai, ya nuna cewa irin wannan bangaskiya ba ta da rai.

Abin lura shi ne, dukansu biyu da Ibrahim suka kafa hujja. Bulus ya dubi lokacin da Ibrahim ya gaskata alkawarin Allah tun kafin a yi masa kaciya. Yakubu ya dubi lokacin da ya miƙa ɗansa Ishaku bayan shekaru masu yawa. Mutum ɗaya ne, sai dai ɗayansu ya duba shukar, ɗayan ya duba girbin. Haka kuma cututtukan da suke yi wa magani sun bambanta. Bulus yana fama da masu cewa sai an yi kaciya an kiyaye dokokin Musa kafin a karɓu. Yakubu yana fama da masu addinin fatar baki.

Wannan gardama ta kai ga tsagewar ikilisiya a Turai. A 1517 Martin Luther ya soki sayar da takardun gafara a Jamus, daga baya ya tsaya kan cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum. Majalisar Tirent ta Katolika ta mayar da martani a 1547, ta ce alheri ne farko, amma dole mutum ya ba da haɗin kai. Sai a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Luteran suka sa hannu a kan matsaya guda: alheri ne ke ceto, kuma Ruhu Mai Tsarki ne ke kiran wanda aka cetar zuwa ayyukan kirki.

To, ina darasinmu? Ramuka biyu ne a gefen hanya. Wanda ya dogara ga ayyukansa yakan mai da sadakarsa ciniki, yana lissafa bashin da yake bin Allah, yana raina wanda bai kai shi ba. Wanda ya fake da bangaskiya kuwa yakan cika coci ran Lahadi, ran Litinin ya tauye mudu. Matiyu babi na 25 ya ambaci mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku, kuma waɗanda aka yaba wa a can ba su ma san sun yi abin yabo ba. Aikin da ya fito daga bangaskiya ba ya ajiye rasit.

Mu marubuta mun san wannan a sana'armu. Idan muka ce tauraron labarinmu mai tsoron Allah ne, mai karatu ba zai yarda ba sai ya gan shi ya mayar da kuɗin tsintuwa alhali gidansa ba abin sa wa a tukunya. Zuciya a ɓoye take, hannu ne ke tona ta, kuma gani ya kori ji.