Neman Takardun Ɗan Takara Ba Tonon Asiri Ba Ne

Da zarar zaɓe ya ƙarato, gardamar takan taso a Facebook da majalisun hira na Gusau: wane shekarunsa nawa, ina takardar haihuwarsa, wace makaranta ya gama? Nan take sai magoya baya su jawo aya ta 12 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana mummunan zato da bin diddigi, su ce mai tambaya yana tona asirin ɗan'uwansa Musulmi. A jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999, wannan hujja tana da nauyi a zukatan mutane. Amma a ganina an ɗora ayar a inda ba muhallinta ba.

Abin da aka hana shi ne leƙen abin da bawa ya rufe tsakaninsa da Ubangijinsa. Takardar da ɗan takara ya cike, ya rantse a kanta, ya miƙa wa hukumar zaɓe, shi ya fito da ita da hannunsa domin a damƙa masa amanar jama'a. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi a kafe bayanan a mazaɓa, kowa kuma yana iya neman kwafi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomi kwana 7 su amsa. Tun kafin waɗannan, malaman hadisi sun tankaɗe rayuwar maruwaita, suka bayyana maƙaryaci da sunansa, kuma Imamu Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wannan cikin wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta. In ana tantance mai shaida a kan rigimar gona, ina ga wanda zai riƙe baitulmalin jiha? A 1999 mujallar The News ta bankaɗo cewa Salisu Buhari, Kakakin Majalisar Wakilai daga Kano, ya ƙara wa kansa shekaru, kuma bai yi Jami'ar Toronto da ya ce ya yi ba. A watan Yuli ya sauka. Da an yi shiru da sunan rufin asiri, da ƙarya ce ke jagorantar masu yin doka.

Za a ce, ai dattawa da yawa a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu a ɗaki aka haife su, a hannun ungozoma, ba wanda ya rubuta rana. Da shekarar yunwa ko naɗin wani sarki ake ƙirga shekarunsu. Gaskiya ne, shi ya sa rashin takarda ba laifi ba ne, kuma takardar rantsuwar kotu tana tsaya wa irinsu. Laifin yana ga mai ranar haihuwa biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya a fom ɗin takara, domin wannan shaidar zur ce.

Sai dai halaccin tambaya bai halatta yanke hukunci ba. Surar nan dai, a aya ta 6, ta yi umarni a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Wanda ya yaɗa hoton takardar da bai san asalinta ba, ko ya tsallaka zuwa nasabar mutum da mutuncin mahaifiyarsa, ya faɗa cikin haramcin da gaske. Mai shakka ya rubuta wa hukuma, ya karɓi kwafi, ya karanta, sannan ya yi magana. Ɗan takara kuma ya baje takardunsa tun ba a tambaye shi ba.