Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Mutum yakan tafi asibitin Laquintinie a Duwala saboda haki da kumburin ƙafa, sai likita ya ce masa zuciya ce ta gaji. Nan tambaya mai nauyi take tasowa: ya faɗa wa iyalinsa, ko ya yi shiru?

Magidanta da yawa a unguwar Hausawa ta New Bell sukan zaɓi shiru, su ce tausayin iyali ne. Amma bari mu duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini. Uwargida ce ke riƙe da tukunya. Yaya za ta rage gishiri da Maggi in ba ta sani ba? Magani kuma na kullum ne, kuɗinsa zai taɓa cefane da zubin adashi. A 2009 aka buɗe cibiyar aikin zuciya a Shisong, kusa da Kumbo, amma ɗawainiyar irin wannan aiki, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'ad da annabi Ishaya ya gaya wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa, sarkin ya yi kuka da addu'a, aka kuma sa masa ɓaure a marurunsa. Ashe hawaye da magani ba sa rage bangaskiya.

Ɗan'uwa, tara iyalinka, ka faɗa musu sunan ciwon, da maganin, da bashin da ke kanka. Zuciyarka amana ce, su ma suna da hakki a cikinta.