An Mayar da Keke, Ragowar Bashi Tana Nan



Duk mutumin Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar ya san cewa gidaje da yawa da kasuwar Alhamis ta Maigatari suka dogara. Da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa a Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024, ga kuma tsadar mai tun da aka janye tallafi a Mayu 2023. A waɗannan shekaru jarin mutane da dama ya karye. Wanda ya karɓi babur ko Keke Napep a kan zai riƙa biya mako mako ya kasa, dole ya mayar wa mai shi.

To, mayarwar ba ita ce ƙarshen magana ba. Abin da aka karɓa sabo, idan an sayar da shi tsoho, kuɗinsa ba ya kai na farko. Sau da yawa akan cire abin da aka samu, ragowar kuwa ta zauna a wuyan wanda ya karɓa da wanda ya tsaya masa. A nan ne jarraba take shigowa: mutum ya kashe waya, ya sauya hanya, wani ma ya daina zuwa Misa don kunya.

Ɗan'uwa, karayar arziki ba zunubi ba ce. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Zunubin shi ne ƙarya da gudu, da barin wanda ya tsaya maka cikin wahala. Ku tuna da gwauruwar nan a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, wadda mai bin mijinta bashi ya zo kwashe 'ya'yanta biyu. Allah ya yawaita ɗan man da ya rage mata, annabi Elisha kuwa ya umarce ta ta sayar, ta fara biyan bashi, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci saura. Allah bai shafe bashin ba, hanyar biya ya buɗe mata.

Saboda haka, ka tafi da ƙafarka wurin mai binka, tare da dattijo ko katikis. A rubuta abin da ka biya, da nawa aka sayar da keken, da nawa ya rage. Ka yi alkawarin abin da za ka iya kawai, ko da sai bayan girbin gero da riɗi, ka kuma cika. Kada ka ci sabon bashi mai ruwa don toshe tsoho.

Kai kuma mai bin bashi, Maimaitawar Shari'a sura 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, gama da shi gida yake ci. Kada ka ƙwace garmar manomi ko hatsin iyalinsa. Ka tuna da bawan nan a Matiyu sura 18, wanda aka yafe masa mai yawa, shi kuwa ya shaƙe ɗan'uwansa a kan kaɗan. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya roƙi a sassauta wa ƙasashe matalauta bashi albarkacin Jubili ta shekarar 2000. Abin da Ikilisiya ta roƙa wa ƙasashe, mu yi wa maƙwabcinmu.

Mu sauran jama'ar Ikilisiya, kada mu mai da ɗan'uwanmu abin hira. Zumuntar mata da ta maza su ziyarce shi, mai gona ya ba shi aiki, domin ya biya da guminsa, mutuncinsa kuma ya tsira.

Ubangiji ya ba mai biya gaskiya, ya ba mai bi jinƙai. Amin.