Cinikin Wanda Ba Shi da Ikon Tafiya

A ƙasar Amurka akwai inshorar lafiya ta gwamnati, sunanta Medicare, wadda aka kafa a 1965 domin tsofaffi masu shekara 65 ko fiye. Idan likita ya ga huhun mutum ya raunana, wani kamfani ya kan kai masa injin iskar numfashi har gida, bisa haya. Inshora ta kan biya kashi 80 cikin ɗari kowane wata, majiyyaci kuwa 20. Doka ta ce haya ta ƙare bayan wata 36, amma kamfanin ya ci gaba da lura da injin har shekara 5 ta cika.

A 2023 wani babban kamfani, Lincare, ya yarda ya biya dala miliyan 29, gama ya yi ta karɓar haya daga inshora da majiyyata bayan watannin nan 36 sun wuce.

To, 'yan'uwa, ƙirga watannin nan nauyin wa ne? Wani zai ce kowa ya lura da aljihunsa, wanda ya biya bai duba ba shi ya so. A kasuwa maganar nan tana da hujja. Idan mai hatsi ya tsawwala, sai mu matsa gaba wurin wani. Amma tsohon da numfashinsa ke rataye ga injin wani, ina za shi? Takarda ta zo cike da lambobin da ba ya ganewa. Ya tambayi kamfani, a ce je ka wurin inshora. Ya tambayi inshora, a komo da shi kamfani. Yana tsoro kada a zo a ɗauke injin, sai ya biya. A ganinmu ba a kiran wannan yarda, ko da ya sa hannu sau goma.

Ba mu ce mai kaya ba shi da nasa kuka ba. Wata 24 yana hidima ba haya, inshora kuma ta kan ƙi biya domin sa hannun likita guda ya ɓace. Lalle da ciwo. Amma rigima ce tsakaninsa da inshora, su biyu masu akawu da lauya. Littafin lissafi a hannunsa ya ke, ya san ranar da ya kai injin. Tsohon kuwa da ƙyar zai tuna ko lokacin sanyi ne ko na zafi.